Inna Marka a Bencin Baya

Duk wanda ya taɓa zuwa sujada a majami'ar Unguwar Ciwake ya san hannun Inna Marka kafin ya san fuskarta. Tun daga gangaren rafi, inda 'yar hanyar ƙauyen ta rabu da titin Yankara, ake jiyo gumzar tulunta. Ƙaton tulun ƙasa ne, ya yi baƙi don tsufa, tana dukan bakinsa da guntun soson katifa, sauran matan Zumunta, ƙungiyar matan majami'a, suna bin ta da caki da kuge. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa. Ba ta da murya, ba ta taɓa ba da waƙa ba. Amma duk Lahadin da zazzaɓi ya kwantar da ita, sai waƙar mata ta riƙa tafiya kamar amalanken da tayarsa ɗaya ta sace.

A tsakiyar damina aka haife ta, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, sunan da ya bi ta ke nan. Ubanta Bamaguje ne mai babban gandu, wanda ba a taɓa sabon hatsi a gidansa sai ya zubar wa kan gida, tsafinsu na gado, jini. Tana 'yar budurwa ta ƙulla ƙawance da Dada, wata 'yar Fulani daga rugar bayan dutse da ke kawo musu nono. A wancan zamani ƙawance ba hira ba ce kawai. Aikawa ake yi da goro da lalle, in an karɓa an ɗaura ke nan har mutuwa: bikinki nata ne, makokinki nata ne. Dada ta karɓa, ta mayar da man shanu.

Sai wani mai bishara ya fara zuwa a kan keke yana koya wa yara karatu a gindin tsamiya. Marka ta je don karatun, ta dawo da abin da ya fi karatu. Ranar da ta ƙi riƙe ƙwaryar yanka, ubanta ya wurgo mata tabarmarta waje, ya ce duk gidan da ya ba ta ruwa ya raba zumunci da shi. Mai bishara ya ce mata kada ta ji tsoro, wanda ya saɓa wa mutum don ya bi Allah ba shi da laifi. Ya yi mata addu'a, ya hau kekensa ya koma garinsu. Ba gidan da ya buɗe mata ƙofa. Ruga ta nufa. Uwar Dada ba ta tambaye ta komai ba, ta shimfiɗa mata fata kusa da 'yarta. Can ta cinye rani, har Nomau, wani saurayi cikin masu bi na farko, ya aure ta.

Ita da ta shiga addini da ƙin jin magana, sai ta zamo ba wanda ya kai ta jin magana. Aka ce a bar giya, ta farfasa tukwanen da ta gada. Aka ce ba cin kasuwa ran Lahadi, ta bari. Gayyar gonar Fasto, ita ce ta farko da fartanya. Fastoci suka yi ta zuwa suna tafiya, har aka kai ga sa'o'in waɗanda ta haifa, duk ta durƙusa musu ta ce Baba. Ba tsoro ba ne. Ta gaskata har zuciyarta cewa wanda Allah ya sa a gaba, bin sa bin Allah ne, tawaye kuwa aikin Shaiɗan ne tun farkon duniya.

Majami'arsu tana da abin da ake kira horo. In mutum ya yi laifi, dattawa suka tsawata ya ƙi, sai a sanar a gaban jama'a. Daga ranar wurin zamansa bencin baya, jikin ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Ba ya cin Jibin Ubangiji, burodi da ƙoƙon da ake zagayawa da su. In mace ce, a je gida a karɓe shuɗin zanenta na Zumunta. In kuwa mutum ya mutu bai fita daga horo ba, mata ba sa ɗaura zanen a jana'izarsa, ba a fito da tulu, ba a rufe shi cikin 'yan'uwa. Marka ta sha raka shugabar mata karɓar zane a gidajen mutane, ba ta taɓa jin abin ya tsaya mata a rai ba. Tsari ne. Ita dai burinta bai da yawa. Ta buga wa mata da dama tulu har bakin kabari, ta buga wa Nomau. Abin da take so shi ne, ranar tata, a lulluɓa mata zanenta, a raka ta da waƙa, a kwantar da ita kusa da mijinta.

Dada kuwa tana nan duk tsawon shekarun. Bayan girbi shanunsu ke sauka a gonar Nomau su ci kara su bar taki. Tsofaffin biyu su zauna a inuwar rumbu suna tsiya.

"Kaɗo, har yanzu kina dukan tukunya kina cewa salla ce?"

"Ke da kike bin wutsiyar saniya tun kina yarinya, mi kika sani? Zubo nonon, kuma ban da ruwan rafi."

"Ruwan rafin ne ya sa kika yi ƙiba."

Sai duniya ta juya. Aka fara da satar shanu, aka koma satar mutane, har ya zamana manomi ba ya zuwa gonarsa ta nesa sai ya yi sallama da iyali. Shekarar da aka katse layin waya aka tsayar da kasuwannin dabbobi, a shekarar ne aka harbe Gide yana yankan dawa. Gide ɗan Baba Nata'ala ne, babban dattijon majami'a, uwarsa Tabita ita ce shugabar Zumunta. Bayan makoki dattawa suka zauna da Fasto Dogara, suka yanke magana, aka karanta ta ran Lahadi: daga yau ba mai bi ɗaya da zai saya ko ya sayar wa mutanen ruga, ba mai saukar da su, ba mai ba su ko ruwan sha. Marka tana bencin gaba, tulu a tsakanin ƙafafunta. Da jama'a suka ce amin, ita ma ta ce.

Ba a daɗe ba hayaƙi ya tashi a bayan dutse. 'Yan sa-kai ne suka bi rugagen da wuta. Kashegari da hantsi Marka tana sheƙar masara ta ji an tsaya a kanta ba sallama. Dada ce, ba takalmi, ba ƙwarya, gefen gashinta ya babbake. Bayanta surukarta Safara'u, da jariri a goye.

"Kaɗo," in ji Dada.

Marka ta dubi ƙofar gida, ta dubi ƙafafun Dada da suka tsattsage. Ta tuna amin ɗin da ta ce. Sannan ta ajiye faifai ta ɗage labulen ɗakin Nomau.

"Ku shige. Bari in ɗora ruwa."

A ƙauye irin wannan ba a ɓoye kukan jariri. Kafin la'asar Fasto Dogara ya yi sallama. Mutumin wajen Ketare ne, sa'an Rahila 'yar Marka, siriri mai sanyin magana. Ya tuɓe takalmi ya rusuna.

"Inna, barka da yamma."

"Baba Fasto, sannu da zuwa." Ita ma ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara.

"Inna, kina wurin aka karanta magana."

"Ina wurin."

"Ɗan Dada, Almu, shina cikin daji da bindiga. Kowa ya sani."

"Ban ajiye ɗanta ba, Baba. Uwarsa na ajiye."

"'Yan sa-kai ba su san wannan bambanci ba. In suka ji, ba ɗakinki kaɗai za su cinna wa wuta ba. Cewa za a yi Kiristan Unguwar Ciwake ne masu kai wa ɓarayi rahoto. Mu nawa ne a ƙasar nan? Wa zai tsaya mana? Yara suna cikin garin nan, Inna. Ni za a tambaya a kan kowane ɗayansu."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ta kuma sani.

"Lokacin da ubana ya kore ni," ta ce a hankali, "mai bishara cewa ya yi wanda ya saɓa wa mutum don Allah..."

"Ubanki tsafi ya ce ki yi. Mu ikilisiya ce, jama'ar Allah. Ba ɗaya ba ne."

Ya ce ta ba su guzuri su tafi kafin Lahadi. Ta ce, "To, Baba," don bakinta bai iya wata kalma ba in Fasto ya yi magana. Da ya fita ta koma ta tuƙa tuwon mutum uku.

Lahadi ta zo, baƙi suna nan. Baba Nata'ala ne ya miƙe ya sanar, bai dubi inda take ba. Ya ce 'yar'uwa Marka ta ƙetare maganar shugabanni, an gargaɗe ta ta taurare, an sa ta ƙarƙashin horo saboda tawaye. Ta tashi ta jingine tulun a jikin bango yadda ba zai gangara ba, ta ɗora soson a bakinsa, ta bi tsakiyar majami'a ta koma baya. Hanyar ba ta da tsawo, amma ba ta taɓa lura ba cewa daga bencin nan ƙeyar mutane kawai ake gani.

Tabita ta zo karɓar zane washegari. Marka ta riga ta wanke shi, ta goge da dutsen gawayi, ta ninke har da ɗankwali. Tare aka yi musu baftisma a rafin nan, tare suka tsufa. Tabita ta ƙi zama.

"Ke kika yanke wa Gide cibi, Marka."

"Ni ce."

"Yau kina tuƙa wa uwar wanda ya kashe shi tuwo."

"Ba ki san shi ne ba."

"Ke kin san ba shi ba ne?"

Jaririn ya yi kuka a ɗakin Nomau. Tabita ta juya ta dubi labulen, ta daɗe tana dubansa. Ta sa zanen a hammata ta fita.

Marka ba ta gaya wa Dada komai ba. Kowace Lahadi takan ɗaura atamfarta ta zuwa kasuwa ta tafi ta zauna kusa da tsintsiya. Aka ba wata matar aure tulun, mai ƙarfin hannu amma ba kunne. Faranti da ƙoƙon Jibi su zagaya benci benci, su zo na kusa da ita su juya. Mata suka daina aiko yara ɗibar wuta a gidanta. A rijiya in ta iso, hira ta mutu. Abin da ya fi cin ta shi ne ba ta iya cewa sun zalunce ta ba. Ta yi addu'a ta ce in tawaye ne Allah ya karya mata zuciya ta kore su, zuciyar ta ƙi karyewa. Ta ce in kuwa daidai ta yi ya ba ta salama, salamar ta ƙi zuwa.

Dada ba ta da karatu amma tana da kunne. Wata Lahadi Marka ta dawo ta same ta a bakin murhu.

"Kaɗo, wa ke buga tukunyar nan taku yanzu? Kamar ana dukan jaki."

"Hannuna ke ciwo."

"Hannun da kika faskara icce da shi jiya? Ina shuɗin zanenki?"

"Ya tsufa."

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba tun muna yara. Safara'u ta ji a bakin rijiya."

"To ta ji. Ci tuwonki, Bafillata, kada ki dame ni."

Dada ta ci loma biyu ta wanke hannu.

Lahadin da ta biyo, Marka ta dawo ta tarar da labulen a ɗage, an share ɗakin, an naɗe tabarma an jingine. Ta fita ba mayafi ta bi hanyar dutse tana kira har muryarta ta dushe. Wani mai icce ya ce ya ga mata biyu da goyo sun yanki daji ta wajen Sabuwa. Ba waya a lokacin, da ma Dada ba ta da ita. Marka ta yi ta tambayar direbobi da masu zuwa cin kasuwa. Wani ya ce ya ga tsohuwa irin wannan tana bara a tasha, wani ya ce ba ita ba ce. Daga nan ba ta sake jin komai ba, har yau.

Ta ɗauka tunda baƙin sun tafi maganar ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ba a fita daga horo sai an tsaya a gaban jama'a Fasto ya yi tambaya uku. Kin yarda kin ƙetare maganar shugabanninki? Kin yarda kin jawo wa ikilisiya ɓacin rai? Kin yi nadamar abin da kika yi, da za a sake ba za ki yi ba? Marka ta san su kamar sunanta, ta ji an yi wa mutane su tun tana amarya. Biyun farko ba su dame ta ba, gaskiya ne. Ta ukun ce ta tsaya mata. Da Dada za ta sake tsayawa a kanta da ƙafafun nan, labulen nan za ta sake ɗagewa.

Damina ta wuce, wata ta zo, tana bencin baya. Ba ita kaɗai ba ce a kai. Akwai Kande, wata gwauruwa da aka kama tana dafa giya a ɓoye, ta shekara da shekaru a wurin har ta saba, takan zo da gyaɗa a haɓar zane.

"Sannu da zuwa unguwarmu, Mai Tulu," ta ce mata ranar farko. "Nan iska ta fi kaɗawa. In wa'azi ya yi tsawo kuma ba mai ganin ka fita."

Da kaka Kande ta mutu. Marka ta bi gawar. Ba shuɗin zane ko ɗaya, ba waƙa. An haƙa ramin can bakin shingen ƙaya, nesa da sauran, inda awaki ke ratsawa. Wani dattijo ya yi gajeriyar addu'a yana duban rana, aka tura ƙasa, aka watse kafin ƙura ta kwanta. Daga inda take tsaye tana hango kabarin Nomau a tsakiya, da filin da ke gefensa. Ta dawo gida ba ta iya cin komai ba.

A wannan rani ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yanke mata in ta ɗauko ruwa. Rahila ta zo daga gidan mijinta ta kai ta asibiti a Ƙanƙara. Likita ya ce zuciya ce, ya rubuta magani, ya ja Rahila gefe ya yi mata magana ƙasa ƙasa. Marka ba ta tambaya ba. Ta ga yadda 'yar ta riƙe ta a mota.

Rahila ba ta koma gidanta ba. Ta zauna jinya, ta kuma zauna naci.

"Inna, so kike a rufe ki kamar Kande? Baba shina tsakiya, ke kina bakin ƙaya awaki na taka ki?"

"Ba na so."

"To kalma ɗaya ce. I. Shi ke nan."

"Ƙarya ce, ɗiyata."

"Ki faɗa mana! Allah ai ya san zuciyarki."

"Shi ya sa."

"Ita Dadar tana ina yanzu? Ta tahi ta bar ki da abin kunya. Ni ce zan tsaya a bakin ramin nan, Inna, ni da 'ya'yana. Ke ba za ki gani ba."

Rahila ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Marka ta zauna tana kallon ƙafafunta, sun yi sumul kamar ba nata ba.

Ta aika aka kira Fasto Dogara. Shi ma ya rame. A shekarar an ɗauke masa mutum huɗu a hanyar gona, gidaje da yawa sun kwashe sun koma gari. Wannan karon ba ta iya durƙusawa ba, ta ba shi haƙuri.

"Baba Fasto, ina so in dawo."

"Mun gode wa Allah, Inna. Kullum ina yi miki addu'a."

"Biyun zan amsa da gaskiya. Ta ukun nake roƙo ka bar mini."

Ya sunkuyar da kai yana juya hularsa.

"Da ni kaɗai ne, da na bari. In na cire miki, gobe kowa ya ce a cire masa. Ga Mama Tabita a bencin gaba, ga Baba Nata'ala a gefena. Mi zan ce musu? Abin da ya rage ya riƙe mutanen nan wuri ɗaya shi ne in an yanke magana ta yanku. Ke kika fi kowa sanin haka. Da ke ake ba sababbin aure misali."

"Haka ne."

"Ki roƙi Allah ya ba ki nadamar. Shina bayarwa."

Ta roƙa. Ta yi azumi duk da maganin da aka ce kada ta sha da yunwa. Abin da kawai ya zo mata shi ne fatar da uwar Dada ta shimfiɗa mata, da warin hayaƙin kashin shanu, da yadda ba wanda ya tambaye ta laifin da ta yi.

Aka sa ranar a Lahadin Jibi. Rahila ta riƙo ta har gaban bagadi. Majami'ar ba ta cika ba kamar da, amma duk wanda ya rage ya zo. Marka ta juyo ta fuskanci jama'a, karo na farko da ta ga fuskokinsu tun ranar da aka sanar.

"'Yar'uwa Marka, kin yarda kin ƙetare maganar shugabanninki?"

"Na yarda."

"Kin yarda kin jawo wa ikilisiya ɓacin rai?"

"Na yarda."

"Kin yi nadamar abin da kika yi, da za a sake ba za ki yi ba?"

Ta ji yatsun Rahila sun nutse a damtsenta. Ta dubi Tabita, shuɗin zanen yana ninke a cinyarta. Ta tagar da ke gefe ana hango makabarta. Wani yaro ya yi tari, uwarsa ta toshe masa baki. Fasto Dogara bai ɗago ido daga littafinsa ba.

"I," in ji Marka. "Na yi nadama."

Guɗa ta tashi. Mata suka taso suka kewaye ta, Tabita da kanta ta ɗaura mata zanen a kan atamfa, ta ɗaura mata ɗankwali, ta rungume ta tana kuka tana cewa, "Kin dawo, 'yar'uwata, kin dawo." Aka zaunar da ita a bencin gaba, aka turo mata tulun. Hannunta bai manta ba. Dukan farko da ta yi, tsofaffi suka gyara zama, waƙar ta miƙe tsaye. Ta buga har ƙarshe ba ta kuskure ko sau ɗaya ba, ba ta kuma ji komai a ranta ba.

Sai aka yaye farin ƙyalle daga kan tebur. Fasto ya yi gargaɗin da ake yi kullum, cewa kowa ya binciki kansa, mai ci da ƙarya a zuciya hukunci yake ci wa kansa. Ta ji wannan gargaɗi tun kafin a haifi mai faɗarsa, ba ta taɓa jin ya nufo ta ba sai yau. Baba Nata'ala ya ɗauko farantin, ita ya fara miƙa wa, don girmamawa. Idon kowa yana kanta. Ta ɗauki gutsuren burodin.

Da aka ce a ci, ta kai hannu baki tare da kowa, ta motsa muƙamuƙi, ta sauke hannun a dunƙule. Da ƙoƙon ya zo ta kafa shi a leɓe a rufe, ta goge bakinsa ta miƙa wa ta kusa. Lokacin da aka sunkuya addu'a, ta lalubo haɓar zanenta ta ƙulle gutsuren a ciki.

Bayan an tashi aka yi ta yi mata barka. Wata ta ce gobe za ta aiko da kunu, wata ta ce tulun ya yi marmarinta. Fasto Dogara ya riƙe hannunta da hannu biyu ya ce yau an yi farin ciki a sama. Ta ce, "Na gode, Baba."

Suka taka zuwa gida a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Rahila sai zuba take yi, fuskarta ta washe, tana lissafa waɗanda suka yi kuka. A ƙofar gida kaji suka sheƙo suna zagaye ƙafafun Marka kamar yadda suka saba in ta dawo da wani abu a zane. Ta kore su da ƙafa, ta dafe ƙullin da hannu.

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ba za ta iya ci ba. Ba za ta iya yarwa ba, jikin Ubangiji ne. Wata mai zuwa kuma za a sake miƙo mata farantin, da wanda ke biye, har ranar da za su zo da waƙa su ɗauke ta.

Rahila ta leƙo da kwanon abinci.

"Inna, ba ki cire zanen ba? Kawo in ninke miki kada ya yi datti."

"Bari tukuna," in ji Marka.